Fentin da Zai Riƙe Sunan Allah

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan ka sauka Kabo lafiya, ka kuma tarar ɗakin da aka yi maka alkawari ba ya yoyo. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe, ya sa ka fara aikinka a sa'a.

Na sa wannan takarda a akwatin kayan aikinka ba tare da ka sani ba, don haka sai ka je buɗe shi za ka gan ta. Innarka ta yi ta yi mini dariya, wai na zauna ina rubuta wa yaro wasiƙa kamar mai tafiya Ikko, alhali wanda ya hau mota da hantsi a Gwarzo zai yi azahar a Kabo har ya huta. Na bar ta ta yi dariyarta. Ni da kai mun san in muka zauna maganar fenti ba ma rabuwa lafiya. Ka gaji taurin kaina, ni kuma ban ajiye nawa ba tukuna. Takarda kuwa ba ka da damar katse ta, sai dai ka karanta ta har ƙarshe.

Maganar ɗaya ce, ita ce ta aikin da Alhaji Isa, shugaban kwamitin masallacin can, ya ba ka. Tun da aka kawo shari'a kowane gari so yake baƙo ya ga allunan zikiri a bakin titi, daga shiga har fita, Subhanallah a nan, Alhamdulillah a can, Larabci a sama boko a ƙasa. Na yi murna da aka zaɓe ka, don wannan ne aikinka na farko da ba a inuwata za ka yi ba. Amma na ga irin allunan ranar da aka kawo ɗaya a gwada. Tsofaffin allunan ƙarfe ne da aka tattaro, na tallar taki da na 'yan siyasar da aka manta da su, kowanne da tsohon fentin mai a jikinsa yana sheƙi. Kwamitin kuma so suke a kafa su duka kafin azumi. Kai ka ce sabon fentin nan, akirilik, za ka hau su da shi kai tsaye, saboda yana bushewa kafin mutum ya gama shan shayi, ka gama aikin a kan lokaci kowa ya yaba. Na ce a'a. Ka yi shiru, irin shirun nan naka da na sani, wanda ma'anarsa ita ce Baba ya tsufa.

To, na tsufa, ba musu. Ga abin da na tsufa a kansa.

Zamanin ostariti, lokacin tsuke bakin aljihun gwamnati, kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Sabulu da madara sun zama abin bin layi, fenti kuwa ya yi ɓatan dabo. In ka je Kano ka yi sa'a ka ga gwangwanin fentin mai, kuɗinsa kaɗai ya isa ya komo da kai gida hannu biyu. A wannan lokacin ne wani dattijo a Gammo, Malam Hudu, ya aiko a kira ni. Ya buɗe 'yar Islamiyya a zaurensa don 'ya'yan manoman garin, yana so a rubuta masa allo a kafa a ƙofar gida. Allon nasa tsohon allon masu sayen gyaɗa ne, kore shar, fentin mai ne a jikinsa tun na zamanin da ake yin fenti da gaske. Ya ce in sa Bisimilla cikakkiya a sama, sunan makaranta a ƙasa.

Ba ni da ko cokali ɗaya na fentin mai. Abin da nake da shi ragowar fentin ruwa ne na bango, fari da baƙi, da ya rage mini daga wani aiki. Na san ba a ɗora ruwa a kan mai, don maigidana da ya koya mini sana'a ya faɗa mini haka tun kafin in iya riƙe burushi. Amma na ce wa raina fenti ai fenti ne, kuma wa zai gane a Gammo? Na jiƙa ƙaro na zuba a ciki wai don ya ƙara masa kamu, na shafe allon fari fat, na zauna na tsara rubutu. Wallahi rubutun ya yi kyau. Har yau ban tabbata na sake jan Bisimilla mai kyan wannan ba. Malam ya tsaya yana kallo yana sa mini albarka, na hau kekena na dawo ina jin kaina.

Rani ya wuce allon yana nan lafiya. Da damina ta kankama sai ga saƙo, wai Malam yana nemana. Na isa da hantsi, an sha ruwa da asuba, ƙasa duk ta jiƙe. Tun daga nesa na hango allon ya koma kore, tallar gyaɗar ta dawo, sai ɗan fari nan da can. A ƙarƙashinsa kuma ga Malam Hudu a tsugune cikin taɓo, mutumin da ya girmi mahaifina, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana tsintar wani abu yana sawa a ciki. Wurin kuwa hanyar awaki ce.

Na jingine keke na ce, "Salamu alaikum. Malam, sannu da aiki."

Ya ce, "Alaikumus salam. Garba, ka iso? Ya hanya, ya iyali? Zo ka taya ni, idonka ya fi nawa. Kar ka taka nan, akwai rabin Rahmani a wurin."

Ɓawon fentina ne yake tsinta. Ruwa ya shiga bayansa ya ɗaga shi, haruffan suka yi ta zubowa guntu-guntu, shi kuma ba zai iya barin sunan Allah a ƙasa dabbobi suna bi ta kai ba. Ashe tun da aka fara ruwa haka yake yi, kowace safiya sai ya fito ya tsince abin da ya zubo kafin a saki awaki. Na tsuguna kusa da shi muka ci gaba da tsinta, ina jira ya yi mini faɗa in sami abin da zan kare kaina da shi. Bai yi ba. Sai da muka gama ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ce, "Garba, ni ban san fenti ba, kai ka sani. Da ka ce mini babu na kirki yanzu, ai da na jira. Jira bai taɓa yi mini komai ba."

Ya juye ɓawon a wani farin ƙyalle ya ƙulle, ya miƙo mini. Ya ce, "Kai ka rubuta, kai za ka binne. Ka nemi wuri mai tsarki."

Nasiru, an zage ni a sana'ar nan, an taɓa kora ta daga ƙofar shago, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba. Na dawo da ƙullin a aljihu, ko abinci ban iya ci ba ranar. Daga baya na kankare allon har ƙarfe, na jira har na sami fentin mai, na sake masa. Wannan rubutun na biyu bai kai na farko kyau ba, amma Malam ya rasu ya bar shi a tsaye.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce akirilik ba fentin bango ba ne, kuma gaskiyarka. Ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, in ya bushe ruwa ba ya wanke shi, launinsa kuma yana jure rana fiye da yadda na zata da farko. Amma 'yan gida ɗaya ne, da ruwa ake dama su duka. In ka ɗora shi a kan tsohon fentin mai da ke sheƙi, ba ya samun abin kamawa. Kwanciya kawai yake yi a sama kamar yanar kunu, in gefe ɗaya ya ɗaga sai sauran su biyo. Nawa guntu-guntu ya zubo. Naka da yake yana da danƙo, kalma guda za ta saɓule ta faɗo, kuma a bakin titi, inda motoci da shanu suke bi.

Ai ka ga misalinsa da idonka a nan Gwarzo. Ka tuna allon Ɗanlami mai aski, wanda na zana wa kawuna masu salon aski iri-iri da fentin mai shekarun baya? Da shari'a ta zo aka yi masa magana a kan hotunan, sai ya ƙi kira na, ya sayi akirilik ya shafe da kansa, yana cewa ai shafewa ba ta bukatar gwani. Ba a daɗe ba yaran unguwa suka gano gefen yana ɗagawa. Wata safiya aka wayi gari ido ɗaya yana leƙen masu wucewa ta cikin farin, bayan kwana kaɗan gashin baki ya bayyana. Har yau in na ce masa, "Ɗanlami, ya baƙin naka, sun koma?" sai ya ce in bar shi ya ji da abin da ya dame shi. Wannan abin dariya ne saboda kan mutum ne ya fito. Naka aikin ba na dariya ba ne.

Kada ka ɗauka ina ƙin akirilik ne don sabon abu ne. Na taɓa ƙin sa don haka, kuma na ji a jikina, kai ne ma shaida. Ka tuna bangon sabuwar Islamiyyar Unguwar Tudu, da aka ce mu rubuta suna da manyan haruffa ana gama shafen siminti? Ka ce mini, "Baba, bangon nan ɗanye ne, mu sa akirilik." Na ce maka tun kafin a haife ka nake rubutu da fentin mai, ka riƙe mini tsani kawai. Ka riƙe. Kafin wata ya zagayo rubutun ya yi bororo, ya koma danƙo-danƙo, wani farin abu kamar gishiri yana fitowa ta ƙarƙashinsa. Sabon siminti yana da kaifin da ke cin fentin mai, ga damshin da ke neman hanyar fita, fentin mai kuwa toshe hanyar yake yi. Kai ka je ka kankare, ka bari bangon ya sha iska, ka sake da akirilik, ga shi nan har yau ana karanta shi daga bakin hanya. Ban ce maka ka yi gaskiya ba a lokacin, na dai yi kamar ban ga bangon ba duk sanda muka wuce. To yau na faɗa, ka yi gaskiya, kuma na ji daɗin da ɗana ya ga abin da ban gani ba.

Don haka ka bar tambayar wanne ya fi. Tambayi abin da za ka rubuta a kai. In bango ne, ko ƙyallen da za a rataya a wurin taro, ko sabon katakon da zai zauna a inuwa, ɗauki akirilik ɗinka da zuciya ɗaya, ka gama da wuri, ka wanke burushi da ruwa ka tafi gida hannunka ba wari. In ƙarfe ne, ko gilashi, ko jikin mota, ko duk abin da aka taɓa shafa wa fentin mai kuma zai kwana a waje rana da ruwa, to fentin mai ne abokinsa. In ka rasa gane wane fenti ne a jikin tsohon allo, jiƙa tsumma da sifirit ɗin nan na goge ciwo ka goga a gefe. In launi ya biyo tsumman, na ruwa ne. In ya tsaya yana kallonka, na mai ne.

Akwai kuma abin da hannu ne kaɗai yake sani. Rubutun Larabci yana son ja ɗaya, ka fara daga kan harafi ka sauke wutsiyarsa ba tare da ka ɗaga burushi ba. Fentin mai yana bin hannu a irin wannan ja, yana kwanciya ya shafe sawun gashin burushi da kansa. Akirilik kuwa a zafin nan namu yana fara bushewa tun yana bakin burushi, kafin ka kai ƙarshen harafi ya soma ja da baya, sai ka koma ka maimaita, wurin maimaicin kuma ba ya ɓoyuwa. In dole ka yi Larabci da shi, yi da sassafe a inuwa, da kofin ruwa kusa da kai. Hannunka ya fi nawa taushi yanzu, na yarda, amma kada ka ba shi wahalar da ba ta zama dole ba.

Fentin mai ma yana da halinsa, kuma mafi muni shi ne nawa. Ba ya bushewa don kana sauri. Wata shekara da kaka na je Kara rubuta wa wani mai injin niƙa allo. Na shimfiɗa aikina a fili gindin bishiya don in sha iska, na gama, na koma gefe ina yaba kaina. Ban lura ba ashe masussuka tana bayan dangar, mata sun fara shiƙar gero, iska kuma ta juyo wajena. Kafin in ankara allon ya yi gashi. Ƙaiƙayi ya manne a kowane harafi, ba wanda zai ciru. Matan suka leƙo suna ba ni haƙuri suna ƙunshe dariya, ɗaya tsohuwa ta ce, "Sannu Malam, ai ya yi kyau haka, kaji ma za su karanta." Sai da na jira ya bushe, na goge, na sake daga farko. Tun daga ranar kafin in buɗe gwangwani sai na duba ta ina iska take zuwa da abin da take ɗauke da shi. Kai ma in ka gama allo, yayyafa ruwa a ƙasan wurin don ƙura ta kwanta, ka jingine shi fuskarsa na kallon bango, ka hana kowa taɓawa da yatsa wai yana gwada ko ya bushe. Alhaji Isa ma in ya miƙa yatsa, ka riƙe hannunsa cikin ladabi.

Kada kuma ka yi wa fentin rowa. A shekarun ostaritin nan na koyi tsinka shi da kananzir har ya zama kamar ruwan shayi, don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu. Ranar farko ba mai ganewa. Bayan 'yan watanni sai sheƙin ya mutu, ja ya koma kamar ruwan goro, in ka shafa hannu sai ka ga gari. Alluna da yawa na yi wa haka a kasuwar nan, kuma na sha bin wata hanya don kada in wuce ta gabansu. Tina, ruwan tsinka fenti, kaɗan ta isa, daidai yadda in ka ɗaga sandar motsawa zai zubo siriri bai tsinke ba. Fetur kuwa kada ya kusanci gwangwaninka, ko wa ya ce maka yana sa saurin bushewa.

Sai maganar jikinka, wadda Innarka ta ce in ban rubuta ba ita za ta zo Kabo ta faɗa da bakinta. Tarin nan da kake ji ina yi da sanyin safiya, a shagona na farko na samo shi, lokacin da nake rufe ƙofa in yi aiki, in kuma shimfiɗa tabarma in kwana tare da alluna suna bushewa. Na ji an ce ɗaki ɗaya aka ba ka. To ka yi aiki ƙofa a buɗe, kuma ka roƙi Alhaji wani zaure ko rumfa da allunan za su kwana, kai ka kwana wani wurin. Kafin ka fara aiki shafa man gyaɗa a hannunka har gefen farce, fentin ba zai kama fata sosai ba. In lokacin salla ya gabato ka tashi da wuri ka goge hannu tas, don fentin da ya bushe a fata yana hana ruwan alwala isa, na mai da na ruwa duka. Na sha tsayawa a bakin masallaci ina kankarar yatsa ana tayar da iƙama. Ka kuma wanke da sabulu bayan kananzir. Shekarun farkon aurenmu Innarka cewa take ba ta san ɗanɗanon tuwon da muka ci a kwano ɗaya ba, duk kananzir take ji.

Yanzu ga yadda nake so ka yi da allunan nan. Ka bi kowanne da sanfefa, takardar gugar nan mai kaushi, har sheƙin tsohon fentin ya mutu, inda ya ɗaga ka kankare, inda tsatsa ta ci ka bi ta har ka ga farin ƙarfe. Ka goge ƙurar, ka shafa jan fentin nan na maganin tsatsa, ka bari ya bushe. Sannan fentin shimfiɗa wanda rubutun zai hau kansa, shi ma ka ba shi lokacinsa, kada ka ɗora rubutu yana da sauran laushi. Bayan nan ka fitar da layinka da alli ka yi rubutu da fentin mai. Bayan allon ma ka shafa masa, don tsatsa ta baya take fara cin ƙarfe. In ka ce lallai sai akirilik, ba zan ce ba zai yiwu ba sam, amma sai ka yi duk wannan gugar da shimfiɗar kafin ya sami abin kamawa, ka ga saurin da kake nema ya riga ya tafi. Tunda wahalar ɗaya ce, ɗauki wanda aka san shi da ƙarfe.

Na san lissafin da kake yi. In ka bi wannan hanya ba za ka gama duka kafin azumi ba, kana kuma tsoron a ce yaron Garba ya kasa, a karɓe aikin a ba wani. Tsoron nan ba laifi ba ne, ni ma shi ya kai ni ga abin da na yi a Gammo. Amma ka je wurin Alhaji Isa tun yanzu, kada ka bari sai lokaci ya ƙure. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Alhaji, allunan nan sunan Allah za su ɗauka. In na yi sauri haruffan za su zube a ƙasa kafin shekara. A ba ni dama in gama na shiga gari da na fita kafin azumi, sauran in kawo su bayan salla." In ya yi gardama kada ka ja da shi. Shafa akirilik a kusurwar allo ɗaya yadda yake, ba guga, ku bar shi ya kwana biyu, sannan ka ba shi ya sa farcensa. Kai ma ka sa naka, don na fi so ka yarda da farcenka a kan ka yarda da ni.

Ina da yaƙinin zai saurare ka. Mutanen da suka tara kuɗinsu don a rubuta zikiri ba su yi don su gan shi a kwata ba, ba su dai san fenti ba ne, kai ka sani. In kuma ya ce shi dai duka yake so ko ta halin ƙaƙa, to ka ba shi haƙuri ka bar masa aikinsa. Ka dawo gida, ba wanda zai yi maka gori, ni da kaina zan tare ka a tasha. Wani aikin zai zo, hannu irin naka ba ya zama banza. Abin da ba na so shi ne wata safiya ka tarar da dattijo a tsugune a bakin titin Kabo yana tsintar rubutunka.

Saura abu ɗaya. A ƙasan akwatin, ƙarƙashin tsummokaran, za ka ga ƙaramin gwangwanin man shafawa an ɗaure shi da zare. Ba fenti ba ne, kada ka buɗe shi da hannu mai datti. Ƙullin da Malam Hudu ya ba ni na binne shi a bayan gidanmu, gindin zogalen da nake hana ku yin wasa a wurin kuna yara, kuna cewa Baba ya cika faɗa. Amma na cire guntu ɗaya na ajiye a gwangwanin nan, wanda lam biyu da ha na sunan Allah suka fito a jikinsa sarai. Shekara da shekaru yana kan shiryayyen shagona, duk sanda zuciyata ta ce in yi ha'inci a aiki sai in dube shi. Ban taɓa nuna wa kowa ba, ko Innarka sai jiya ta san abin da ke ciki.

Ka ajiye shi a wuri mai tsabta, sama da inda kake dama fenti. Aro na ba ka. In ka kafa allunanka, damina ta zo ta wuce a kansu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba ƙasansu. In ba ka tsinci komai ba, ka kawo mini gwangwanin gida, mu je gindin zogalen ni da kai mu binne guntun tare da 'yan'uwansa. Ya daɗe yana jira, ni ma haka.

Allah ya yi maka albarka, ya daidaita hannunka, ya ba ka haƙurin jiran fenti ya bushe. Ya tsare ka daga faɗuwa a tsani da sharrin hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kai mu azumi lafiya. Ya jiƙan Malam Hudu, ya haskaka kabarinsa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaishe mini da Alhaji Isa. Innarka ta ce ƙuli-ƙulin da ke cikin jakarka na ci ne, ba na rabo ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba mai fenti,
Gwarzo.